Suna Linzami: Daga "Gaceta" ta Ƙasar Sifen Zuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo



Gabatarwa

Hausawa sun ce suna linzami ne. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne sunan jarida, watau kalmar nan da ake bugawa da manyan baƙaƙe a goshin shafin farko, wadda mai karatu kan wuce ta ba tare da ya tsaya ya tambayi ma'anarta ba. Za mu ɗauki suna guda wanda ya yi yawa a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, shi ne Gaceta, wanda ake furtawa "gaseta". Za mu bi shi daga asalinsa har inda ya yaɗu, sa'an nan mu dawo gida mu kwatanta shi da sunayen jaridun Hausa. Daga ƙarshe za mu tsaya a Illela, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar a Jihar Sakkwato, domin a irin wannan wuri ne ake ganin nauyin abin da jarida ta faɗa da abin da hukuma ta zartar.

Dalilin zaɓen wannan suna shi ne, tambayar da ke cikinsa ita ce tambayar da ke cikin sunan babbar jaridarmu ta farko: shin mene ne darajar labari, kuma wa ke da ikon faɗinsa?

Asalin Kalmar

Kalmar ba ta Sifaniyanci ba ce tun asali. Daga birnin Banis na ƙasar Italiya ta fito, birnin da Larabawa ke kira Bunduƙiyya. A ƙarni na 16 Banis babbar cibiyar fatauci ce, jiragenta na zuwa Iskandariyya da Santambul da sauran tashoshin Bahar Rum, kuma attajiranta na bukatar sanin inda ake yaƙi, da inda jirgi ya nutse, da yadda farashin kaya yake. Saboda haka aka sami masu rubuta labarai da hannu a 'yan takardu suna sayarwa. Akwai wani ƙaramin kuɗin ƙarfe a birnin da ake kira gazeta, kuma mafi yawan masana harshe suna ganin cewa sunan kuɗin ne ya koma kan takardar, domin shi ake biya a same ta ko a ji an karanta ta.

Akwai kuma ra'ayi na biyu. Waɗansu sun ce kalmar ta fito ne daga gazza, sunan wani tsuntsu mai yawan surutu a harshen Italiya, watau takardar ta yi kama da tsuntsun da ba ya rufe baki. Ina roƙon masu sauraro su riƙe waɗannan ma'anoni biyu, kuɗi da tsuntsu, domin za mu sake gamuwa da su a Zariya.

Daga Italiya kalmar ta bazu. A shekarar 1631 wani likita, Théophraste Renaudot, ya fara buga La Gazette a Faris da goyon bayan Richelieu, babban wazirin sarkin Faransa. A Ingila an fara Oxford Gazette a 1665 lokacin da annoba ta kori fadar sarki daga Landan, ta koma London Gazette a 1666, kuma har yau tana fitowa. Turkawa na ce wa jarida gazete, Rashawa na cewa gazeta, masu Swahili a gabashin Afirka na cewa gazeti. Duk wannan zuriyar ƙaramin kuɗin nan ne na Banis.

Gaceta a Sifen

A Sifen an fara bugawa a Madrid a 1661. Wanda ya shirya ta shi ne Francisco Fabro Bremundán, magatakardan Juan José de Austria, ɗan Sarki Felipe na IV, kuma tun daga farko aikinta ya haɗa da ɗaukaka sunan maigidansa. A 1697 ta tsaya a kan sunan Gaceta de Madrid a hannun wani attajiri, Juan de Goyeneche, wanda ya mallaki izinin buga ta. A 1762 Sarki Carlos na III ya karɓe ta ya mayar da ita ƙarƙashin fada. A 1836 kuma aka zartar cewa umarnin gwamnati yana hawa kan jama'a ne daga ranar da ya fito a cikinta. Da haka takardar labarai ta zama takardar doka. A lokacin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1936 sunanta ya sauya, kuma magajiyarta a yau ita ce Boletín Oficial del Estado.

To, a nan ne abin lura yake. Tun da jaridar ta zama bakin fada, sai jama'ar Sifen suka ƙirƙiro wata karin magana da suke yi wa maƙaryaci, su ce wane ya fi Gaceta ƙarya. Lalle wannan hukunci ne mai tsanani. Takardar da ke ɗauke da hatimin sarki, wadda doka ba ta zama doka sai ta fito a cikinta, ita ce talakawa suka mayar ma'aunin ƙarya, domin sun ga yadda take mayar da kashin da rundunar sarki ta sha ya zama nasara, take kuma yin shiru a kan yunwa da tsada. Iko ya ba ta ƙarfin tilastawa, amma bai iya saya mata amincewar mutane ba.

Gaceta a Ƙetaren Teku

Sifen ta mallaki yawancin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya har kusan shekara 300, sunan kuma ya bi ta can. An fara Gaceta de México a 1722, aka yi ta Gwatamala a 1729, birnin Lima ma ya sami tasa. Dukkansu da izinin wakilin sarki suke fitowa, suna ba da labarin zuwan jirage da naɗin manyan ma'aikata da bukukuwan coci.

Da guguwar neman 'yanci ta taso a farkon ƙarni na 19, sai sunan ya shiga wani hali. A Buenos Aires majalisar da ta kawar da wakilin sarki a watan Mayun 1810 ta kafa tata Gazeta, wadda Mariano Moreno ya fara bugawa ranar 7 ga Yuni na wannan shekara, domin ta sanar da jama'a ayyukan sabuwar hukuma. Saboda haka ne Ajantina ta ɗauki 7 ga Yuni ta zama ranar 'yan jarida. A Karakas kuwa, Gaceta de Caracas da aka fara a 1808 ta riƙa sauya hannu: in masu goyon bayan sarki suka kama birnin ta yabi sarki, in masu neman 'yanci suka ƙwace ta zage shi, suna ɗaya. Har sai da Simón Bolívar ya kafa wata jarida dabam, Correo del Orinoco, a 1818, don ta mayar mata da martani a lokacin da take hannun abokan gabarsa.

Daga nan sunan ya rabu biyu. A ƙasashe irin su Benezuwela da Kuba, Gaceta Oficial ita ce takardar da ake buga dokoki a ciki. A wani gefen kuma jaridu masu zaman kansu sun ɗauki sunan don tsufansa da kwarjininsa, kamar La Gaceta ta birnin Tucumán a Ajantina, wadda aka kafa a 1912. Ko a kusa da mu, a Gini Ikwatoriya, maƙwabciyarmu ta teku wadda harshen hukumarta Sifaniyanci ne, an yi mujalla mai wannan suna. Saboda haka wanda ya ga Gaceta a goshin takarda, sai ya bincika kafin ya san ko muryar hukuma yake karantawa ko ta 'yan kasuwa.

Yadda Hausa Ta Zaɓi "Jarida"

Hausa ba ta bi hanyar Swahili ba. Ta aro kalmarta daga Larabci. Asalin jarida a Larabci shi ne reshen dabino da aka zare wa ganye, irin wanda mutanen da suka riƙa rubutu a kai, daga baya ta ɗauki ma'anar rajista ko jerin sunaye, sa'an nan a ƙarni na 19 marubutan Larabawa da Turkawa suka ɗora ta a kan takardar labarai. Tun da malamanmu da Larabci suka tashi, wannan kalma ce ta zauna a bakinsu.

Amma ita ma ɗayar kalmar ta shigo, ta wata ƙofa. Turawan mulki sun zo da gazet ɗinsu tun zamanin Lugga, inda ake buga shelar gwamna da dokoki da naɗe-naɗe. Ma'aikatan da ke wannan zaure sun fi kowa saninta, domin ɗaukar aiki da tabbatarwa da ƙarin girma duk sai sun fito a gazet, kuma mutum kan nemi lambarta ranar da zai yi ritaya. Ke nan Hausa ta yi abin da Sifaniyanci bai yi ba: ta raba kalmomin biyu, ta bar gazet ga hukuma, ta ba labarai jarida. Sai dai rabuwar a harshe ta fi sauƙi a kan rabuwar a aiki, domin jaridun Hausa na farko ma gwamnati ce ta kafa su.

A kudancin ƙasar nan mishan ne suka fara. Henry Townsend ya buga Iwe Irohin da Yarabanci a Abekuta a 1859, ana sayar da ita wuri 120. A Arewa sai a 1932 gwamnati ta fito da Jaridar Nijeriya ta Arewa, da Hausa da Larabci da Ingilishi, kuma yawancin abin da ke cikinta labarin gwamna ne da razdan-razdan da sarakuna. Sunanta bai yi wa kowa alkawarin kome ba, ya faɗi wurin da take fitowa kurum. Ita ce mafi kusa da Gaceta de Madrid a tarihinmu.

Kwabo da Suda

A watan Janairun 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ƙarƙashin Hukumar Talifi da Dokta Rupert East ke shugabanta, Malam Abubakar Imam kuma shi ne editanta. Lokacin duniya na gab da shiga yaƙi na biyu, ji-ta-ji-ta ta cika kasuwanni, har ana raɗe-raɗin cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Gwamnati na bukatar hanyar da za ta yi magana da mutane da harshensu, ta kashe irin waɗannan maganganu.

Sai mu dubi sunan da kyau. Kwabo shi ne kuɗin jaridar. Kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe ta fito a Ingilishi, kuma dattawa na tuna shi da hujinsa a tsakiya, guda 12 ke yin sule, ƙarƙashinsa akwai ɗari da anini. Ga shi kuwa mun ji cewa gazeta ma ƙaramin kuɗi ne da ake biya a sami labari. Mutanen Banis da mutanen Zariya, da shekaru kusan 400 tsakaninsu, duk sun sa wa takardar labarai sunan kuɗinta. Bambancin shi ne na Banis sun tsaya a kan farashi, na Zariya kuwa suka ɗora hukunci a kansa. An gina sunan bisa ƙirar karin maganar Hausa, irin su dabara ta fi ƙarfi, da rigakafi ya fi magani, don haka da jin sa sai ya zauna a kunne kamar tsohuwar magana. Yana tallar jaridar, yana cewa abin da za ka samu ya fi abin da za ka biya. Yana kuma ɗaure masu buga ta da alkawari, domin wanda ya rubuta gaskiya a goshinsa ya ba kowa sandar da za a doke shi da ita ranar da ya kauce.

Tsuntsun ma bai ɓace ba. A cikin shekarun yaƙin an riƙa buga wata 'yar takarda ta labaran fagen fama mai suna Suda, kuma kowane Bahaushe ya san suda da yawan zance. An kuma yi 'Yar Gaskiya da ajami saboda ɗimbin mutanen da ba su karanta boko ba amma suna karanta rubutun allo. Ashe ma'anoni biyun da masana ke jayayya a kansu game da gazeta, kuɗi da tsuntsu mai surutu, Hausawa sun kai ga kowannensu da kansu, ba tare da sun aro daga kowa ba.

Shin Gaskiya ta cika alkawarin sunanta, ko kuwa ta bi sawun Gaceta? Amsar tana da fuska biyu. Jaridar gwamnati ce, kuma a lokacin yaƙi aikinta ya haɗa da ƙarfafa wa mutane gwiwa su goyi bayan Ingila. Amma Abubakar Imam ya buɗe shafin wasiƙu, inda malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa suka sami wurin kokawa a kan abin da ke damunsu, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da talaka ba ya ɗaga murya gaban hakimi. A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, ya bayyana masa matsalolin mulkin Arewa. Duk da haka, da siyasar jam'iyyu ta kankama bayan kafa NEPU a 1950, 'yan adawa sun ɗauke ta a matsayin bakin masu mulki, suka riƙa kai ƙorafinsu jaridar Comet da ke fitowa a Kano. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, daga baya jaridar ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian da aka fara a 1966, ta haura shekara 70 tana fitowa kafin durƙushewar kamfanin ta tafi da ita.

Sunayen da suka biyo baya sun bi wannan tafarki na sa wa jarida sunan hali ko fata. A shekarun 1950 hukumar NORLA, wadda ta tallafa wa yaƙi da jahilci, ta buga jaridun larduna: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauci. A farkon shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya fito da Albishir, da kuma Alfijir ta ajami. Kamfanin Concord ya buga Amana, aka yi Al-Mizan a Zariya, sai Aminiya a 2006. Gaskiya, amana, mizani, aminci: Bahaushe na son jaridarsa ta rantse masa tun daga suna.

Darasi Daga Illela

Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne tsakaninsu. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kasuwanninsu na ciyar da juna da dabbobi da hatsi da albasa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906, da aikin kafa alamun iyaka da Tilho da O'Shee suka yi daga 1906 zuwa 1908, su suka raba su. Tun daga nan mutumin Illela yana ƙarƙashin abin da aka buga a gazet da Ingilishi, ɗan'uwansa na Ƙonni yana ƙarƙashin abin da aka buga a Journal Officiel da Faransanci, kuma mafi yawansu ba su taɓa riƙe ko ɗaya daga cikin takardun biyu a hannu ba.

Tarihin jarida ma ya bambanta a ɓangarorin biyu. Faransawa ba su kafa wa Hausawan Nijar abin da ya yi kama da Gaskiya ba. Bayan 'yanci jaridar gwamnati ita ce Le Temps du Niger, wadda ta koma Le Sahel a 1974, duk da Faransanci, ko da yake hukumar yaƙi da jahilci ta buga ƙananan jaridu da harsunan ƙasa, irin su Ganga. Amma da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, jarida mai zaman kanta ta farko da Ibrahim Cheick Diop ya kafa a 1990 sai aka sa mata suna Haske, wata kuma da ta biyo baya aka kira ta Anfani. Da Faransanci ake rubuta su, amma da Hausa suka yi wa jama'a alkawari. Wannan ya nuna cewa al'adar nan ta suna ba ta tsaya a shingen kwastan ba.

A bakin iyaka labari dukiya ne, kamar yadda yake ga attajiran Banis. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakoki ta kuma canja takardun naira, ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sa'an nan daga Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, zuwa Maris na 2024. A kowane karo umarni daga babban birni ya fito, ya sauka a kan mai shanu da mai albasa da direban babbar mota a Illela. A irin wannan lokaci ji-ta-ji-ta kan riga sanarwa isowa, a da ta bakin fatake, daga baya ta rediyo, yanzu ta wayar hannu. Wanda ya ji ƙaryar cewa gobe za a buɗe ya yi lodin kayan gwari, asararsa ta fi kwabo nesa ba kusa ba. Shi kansa kwabon, wanda ya zama ɗaya bisa ɗari na naira a 1973, yau ba ya sayen kome a kasuwar Illela, amma bukatar sahihin labari sai ƙaruwa take yi.

Kammalawa

Shugaban taro, abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, kowace al'umma na bukatar takardu iri biyu. Tana bukatar gazet, wadda za ta faɗi abin da hukuma ta zartar daidai, a kan lokaci, da harshen da mutane ke ji. Tana kuma bukatar jarida, wadda za ta faɗi abin da ya faru ko da bai yi wa hukuma daɗi ba. Sifen ta haɗa ayyukan biyu a takarda ɗaya na tsawon zamani, sakamakon shi ne sunan takardar ya zama abin yi wa maƙaryaci ba'a.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na sassan yaɗa labarai da kwastan da shige da fice, nauyin da ke kanku shi ne dokar da ta shafi mutumin Illela ta isa gare shi da Hausa, a fayyace, kafin mai raɗe-raɗi ya riga ku. Ga ɗalibai kuma, waɗanda daga cikinku ne editocin gobe za su fito, in kun tashi sa wa jarida suna, ko a takarda ko a intanet, ku tuna cewa masu karatu za su riƙa auna ku da sunan nan kullum. Mutanen Madrid sun auna Gaceta da abin da idonsu ya gani, haka mutanen Kano suka auna Gaskiya, kuma haka za a auna duk wadda za ta zo bayansu.